TARIHIN JEGA DA SABON GARINTA A BAKIN GULBIN GINDI

Wurin da Garin Ya Ke

Jega gari ne na ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kebbi. Tana zaune a bakin gulbin Zamfara, wanda mutanen wurin su ke kira gulbin Gindi, don ya bi ta kusa da garin Gindi. Gulbin nan ya taso ne daga gabas, cikin ƙasar Zamfara, ya biyo ta Anka da Gumi, ya wuce Jega, sa'an nan ya faɗa gulbin Kabi. Shi kuwa gulbin Kabi ya gangara kudu ya shiga Kwara, Kwara kuma ta tafi har teku. Saboda haka ko da ya ke tsakanin Jega da bakin teku akwai tafiya mai nisa ƙwarai, ruwan da ya wuce ta gindin garin can ya ke ƙarewa, kuma ta kansa ne kayan bakin teku su kan hauro tun zamanin da.

Daga Jega zuwa Sakkwato kimanin mil 80 ne, ta Aliero da Tambawal. Zuwa Birnin Kabi kuwa mil 20 ne da 'yan kai. In aka ƙetare gulbi aka nufi kudu, sai a bi ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Hanyoyin nan uku a Jega suka gamu, ga kuma hanyar ruwa ta huɗu. Duk wanda ya dubi wannan zai ce wuri ne ya yi garin. Amma akwai mashigai da yawa a bakin gulbin nan waɗanda ba su zama kome ba. Abin da ya ta da Jega shi ne amana: da ita aka kafa garin, da ita kasuwarsa ta cika. Wannan shi ne abin da ya kamata ma'aikatan hukuma su sani game da ƙasar da su ke yi wa aiki.

Gimbana da Malam Abdussalami

Tarihin Jega ya soma tun ba a sari itacen wurin ba. A cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Hodiyo akwai wani malami Ba'are, sunansa Abdussalami, mai jama'a da yawa. A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka tsananta wa jama'ar Shehu, aka hana maza naɗa rawani, aka hana mata lulluɓi. Da Malam Abdussalami ya ga haka sai ya tashi da mutanensa daga Gobir, ya zo ƙasar Kabi ya zauna a Gimbana, kusa da inda Jega ta ke yanzu.

Da Yunfa ya ci sarautar Gobir sai ya aika Abdussalami ya komo, shi kuwa ya ƙi. A ƙarshen shekara ta 1803 rundunar Gobirawa ta faɗa wa Gimbana, ta ci garin, ta kashe waɗanda ta kashe, ta kama sauran. Da a ke wucewa da kamammun ta kusa da Ɗegel, inda Shehu ya ke zaune, sai jama'arsa suka tare hanya suka kwance su. Abin nan ya fusata Yunfa. Ba a daɗe ba Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, a watan Yuni kuma aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. Ashe ke nan wutar da ta kama ƙasar Hausa duka, a nan bakin gulbin Gindi aka ƙyasta ta.

Birnin Kabi ya faɗi hannun Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, a 1805, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Da ƙasa ta natsu, a 1812 Shehu ya raba riƙonta, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Abdussalami aka ba shi riƙon Sabiyal da ƙauyukanta, a ƙasar da ke cikin Aliero yau. Sai ya ga rabon nan bai kai wahalar da ya sha ba, da shi da jama'arsa, tun da su ne suka fara zub da jini. Maganarsa ta kai kunnen manya, aka kira shi aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato.

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. A shekaran nan Abdussalami ya fito fili da ƙin biyayya. Sarkin Musulmi bai yi gaggawar yaƙi ba, sai da takardu suka yi ta kai da kawowa tsakaninsu, kowa yana kawo hujjarsa. Bello da kansa ya tattara labarin wannan jayayya cikin littafinsa Sardul Kalami. Da magana ta ƙi ƙarewa aka kai yaƙi Kware, aka ci garin. Abdussalami ya fita da rauni, ya kai Bakura, can ya cika a farkon 1818.

Kalambaina da Kafa Jega

Sauran jama'ar Abdussalami suka tattaru a Kalambaina, cikin ƙasar Gwandu, tare da ɗansa Buhari. Malam Abdullahi ya kai musu yaƙi, abin ya yi masa nauyi. A lokacin kuwa tsakaninsa da Bello da sauran sanyi tun daga al'amarin gadon Shehu. Duk da haka Bello ya taho da rundunarsa ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina wajen shekara ta 1820. A nan ne Malam Abdullahi ya gai da ɗan wansa gaisuwar Sarkin Musulmi, gidan Shehu ya koma tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Saura Buhari. Uba ya mutu cikin tawaye, ɗa kuma an ci shi da yaƙi, ba wanda zai yi mamaki in an kashe shi, ko an watsa jama'arsa cikin ƙasa har sunansu ya ɓace. Amma shugabannin ba su yi haka ba. Buhari ya miƙa wuya, aka karɓa, aka ba shi amana, aka yarda masa ya kafa gari a bakin gulbin Gindi, kusa da kufan Gimbana inda ubansa ya zauna. Garin nan shi ne Jega. Sarautar gidansa ita ce a ke kira Sarkin Kabin Jega, tana bin Gwandu tun daga ran nan har yau.

A nan akwai abin lura ga mai riƙon jama'a. Ƙarar Abdussalami ƙarar rabo ce, irin wadda ba ta ƙarewa a duniya: mutum ya yi aiki, ya ga an fifita wani a kansa. An bar ta ta girma har ta ci rayuka a Kware da Kalambaina. Da aka zo kan ɗansa sai aka sake magani, aka ba shi wuri da girma da abin yi, fitina ta mutu. Jikokin mutanen da aka yaƙa su ne suka riƙe wa Gwandu kasuwar da ta fi kowace albarka a ƙasarta.

Kasuwa da Fatake

Jega ba ta daɗe da kafuwa ba ta zama babban zango a kan hanyar Gwanja. A zamanin nan goron da a ke ci a ƙasar Hausa daga kurmin Asante ya ke fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga, fatake su saya. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya sauka Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, kana ya isa Salaga. Zuwa da komowa ya kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda da yawansu ke zaune a Gumi, a bakin gulbin nan na Zamfara.

Kowane ayari da shugabanninsa. Madugu shi ne babba, shi ke shirya magana da sarakunan hanya, ya biya kuɗin fito da na wucewa. Jagaba ke gaba, ya san mashaya da wurin kwana. Uban dawaki kuma yana cikin masu taimakon madugu. Kayan da su kan ɗauka su ne baƙaƙen tufafin Kano, da kanwa, da jan fata, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da dabbobi. Su komo da goro a bisa jakuna, an ɗaure shi cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa a hanya, ana zaɓe ruɓaɓɓe don kada ya ɓata sauran.

Ban da 'yan Gwanja, Zabarmawa da Dandawa su kan kawo gishirin Foga daga yamma. Nufawa su kan hauro da jirage in ruwa ya cika. Fulani su kawo shanu, Buzaye su kawo raƙuma. Kuɗin ciniki wuri ne, shi ma baƙo ne daga nesa, don daga tekun Indiya jiragen Turawa su ke kwaso shi su sauke a bakin tekun Afirka ta Yamma. Har da bayi a ke sayarwa a kasuwannin zamanin, Jega kuwa ba ta kuɓuta daga wannan ba. Baturen nan matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ya kuma ambaci Jega cikin wuraren cinikin ƙasan nan.

To, me ke sa falke ya ajiye dukiyarsa a garin da ba shi da uwa ba shi da uba? Abu uku ne. Na fari fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da wurin ajiya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Na biyu awo, a tabbata mudu ɗaya ne ga ɗan gari da baƙo. Na uku alƙali, wanda zai ji ƙarar baƙo yau ya yanke, don ayari ba ya jiran mai shari'a. Malam Abdullahi ya rubuta wajiban sarakuna da alƙalai cikin littafinsa Liya'ul Hukkami, a kan irin wannan tafarki kuwa aka so a bi da ƙasar Gwandu. Falke ba ya da takobin da zai ƙwaci hakkinsa a garin wani. Abin da ya ke da shi ƙafa ce da baki: in an cuce shi ya sake hanya, ya kuma faɗa wa na baya.

Zamanin Yaƙin Kabawa

Kasuwan nan ba cikin kwanciyar rai kullum ta ci ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya, aka shiga yaƙin da ya daɗe har zuwan Turawa. Hanyoyin yamma suka zama na tsoro, manomi ba ya nisa da ganuwa. A 1867 aka ƙulla amanar da a ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ta yi wajen shekara 8 kafin ta warware. Cikin dukan shekarun nan Jega ta tsaya, domin ko masu yaƙi suna bukatar gishiri da goro da tufa. Gabar Sakkwato da Argungu ba ta mutu sarai ba sai a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, wanda ya zama asalin bikin kamun kifin da aka sani yanzu.

Zuwan Turawa da Juyawar Hanya

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingilishi a Nijeriya ta Arewa, ran 15 ga Maris 1903 kuma aka ci Sakkwato. Aka hana kamun bayi da cinikinsu, aka ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya. Wuri ya ba kuɗin ƙarfe hanya. Aka kafa Baitulmali, hakimai da alƙalai da malaman ofis suka koma karɓar albashi, aikin En'e ya tsaya da ƙafafunsa.

Amma abin da ya fi taɓa Jega daga nesa ya zo. Tun 1874, da Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta fita hannun Asante, cinikinta ya soma raguwa, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa ta. Sa'an nan aka fara ɗaukar goro a jirgin ruwa ta teku zuwa Ikko. Da reluwe ta isa Kano a 1911, goron da a da ya kan yi watanni a bayan jaki sai ya riƙa zuwa cikin 'yan kwanaki. Reshen reluwe ya kai Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, bai zo Jega ba. Ga kuma iyakokin Faransa da Ingila sun yanka tsohuwar hanya gunduwa gunduwa. Ayarin Gwanja ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace.

Garuruwa da yawa da suka rayu da zango sun mutu a wannan juyi, sun koma ƙauyuka. Jega ta ragu, amma ba ta mutu ba, don tana da fadama, tana da mutanen da suka gaji sanin ciniki da karɓar baƙo. Da zamanin mota ya zo, babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta biyo ta kanta, aka yi gada a inda a da a ke fito. Lori ta gaji jaki, tasha ta gaji zango, ɗan kamasho ya zauna kusa da inda dillali ya ke.

Sabon Gari

Sunan Sabon Gari ya yaɗu ne a zamanin Turawa. A Kano an keɓe wuri a 1913 bayan ganuwa domin ma'aikatan reluwe da na kamfanoni da suka zo daga kudu, haka kuma aka yi a Zariya. Daga nan sunan ya bi ƙasa, har ya zama duk unguwar da ta tashi daga baya a gefen tsohon gari, inda baƙi da masu neman fili su ke sauka, a kan kira ta da shi. Sabon Garin Jega irin wannan ne. In an duba da kyau, ɗan zango ne na cikinsa: abin da ya sa falke ya kwance kaya a bayan gari shekara 200 da suka wuce, shi ne ya ke sa mai shago da direba da ma'aikaci su nemi wurin zama a nan yau.

Saboda haka kuskure ne babba ma'aikaci ya riƙa duban mutanen Sabon Gari kamar waɗanda a ke yi wa alfarma. Jega kanta sabon gari ce a ran da Buhari ya sauka, mutanenta na fari kuwa 'yan gudun yaƙi ne da aka ba wuri. A kan ce baƙo raɓa ne, amma a garin kasuwa raɓan nan ita ke shayar da shuka.

Abubuwan Gani

Wanda aka aiko aiki ƙasan nan ya kamata ya san wuraren da ke riƙe da tarihinta. Na fari gulbi da fadamarsa, inda a ke noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, masunta kuma su na kamun kifi. Gulbin nan mai kyauta ne mai karɓewa: a damunar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta rushe gidaje. Mai ba da fili a bakin ruwa ya tuna da wannan kafin ya sa hannu a takarda. Na biyu gada da mararrabar hanyoyi. Na uku kasuwa, wadda ita ce zuciyar garin. Na huɗu gidan Sarkin Kabi da masallacin Juma'a a tsohon gari. Akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya ta jiha a Jega.

A waje da gari akwai Gimbana, mafarin labarin duka, da Gindi mai sunan gulbi, da Kimba. Aliero ta shahara da albasa, wadda a ke lodi zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta, ta kuma shahara da masu ɗori, har daga nesa a kan kawo musu masu karaya. A 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a can. Sabiyal, rabon da Abdussalami ya raina, tana nan cikin ƙasarta. Maiyama kuwa ita ce ƙofar kudu, ƙasar noma a kan hanyar Yawuri.

Garin ya fid da mutanen da suka ɗauki sunansa zuwa nesa. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, sa'an nan ya riƙe hukumar zaɓe ta Nijeriya daga 2010 zuwa 2015. Janar Muhammadu Jega ya yi gwamnan soja a Jihar Gongola, a 2005 kuma aka naɗa shi Sarkin Gwandu da sunan Muhammadu Iliyasu Bashar.

Abin da Ya Rage ga Ma'aikata

Sunan hukuma ya sake sau da yawa. Lardin Sakkwato ya shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, aka yanke Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991. Daga 1967 aka soma karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Yau Jega da Aliero da Maiyama kowace ƙaramar hukuma ce mai kanta, dukansu kuwa cikin masarautar Gwandu.

Aikin dai bai sake ba. Hakimi da dagaci da mai unguwa, da alƙali da malamin kotu, da mai karɓar kuɗin kasuwa da mai awon fili, kowannensu yana riƙe da wani yanki na amanar da aka ba Buhari. In an karɓi kuɗi a ba da rasit. In an rubuta ƙara a rubuta ta yadda mai ita ya faɗa, ko ɗan gari ne ko na Sabon Gari. In talaka ya kawo kukan rabo a saurare shi tun yana ƙarami, kada a bari ya kai inda na Kware ya kai. Hanyar Gwanja ta juya ba da shawarar mutanen Jega ba, wata hanyar ma tana iya juyawa gobe, wannan ba ya hannun ma'aikaci. Amma ko baƙo zai kwana da dukiyarsa a garin nan hankalinsa kwance, ya tashi ya yaba, wannan a hannunsa ya ke.

Allah ya ji ƙan magabata, ya zaunar da ƙasar Gwandu lafiya, ya ba masu riƙon jama'a ikon tsare amana. Amin.